Darasi: yadda ake ɓoye tsinin ƙugiya

Bayan damina, ruwa yana kwanciya a barajin Ibohaman da tabkunan jihar Tawa, kamar na Tabalak. Inda ruwa ya daɗe, ana samun kifi. Tarwaɗa tana son wurin ciyawa da kututture. Nan ne kuma ƙugiya take maƙalewa. Mai fatsa ya ja, zare ya tsinke. Ba kifi, ba ƙugiya, kuɗi sun tafi.

Akwai dabarar da ke maganin wannan hasara.

A ƙasar Amurka akwai wani kifi mai suna bas. In sanyi ya wuce, yakan matso bakin ruwa don ya yi ƙwai. Masunta suna kama shi da tanar roba, wadda aka fara yi a 1949. Ga yadda suke ɗaura ta, dabarar da ake kira ta Tekzas:

1. A zura ƙaramar dalma a zare, sannan a ɗaura ƙugiya.
2. A soka tsini a kan tana, kamar rabin santimita, a fito da shi ta gefe.
3. A tura kan tana sama, har ya kai ƙullin zare.
4. A juya ƙugiya, tsini ya dubi jikin tana.
5. A mayar da tsini cikin jikinta, kada ya fito waje.

Tana ta tsaya miƙe. In ta lanƙwashe, za ta yi ta juyawa, zare ya murɗe. Tun da tsini a ɓoye yake, ƙugiya tana ratsa ciyawa ba ta kama kome. In kifi ya haɗiya, sai a fizga da ƙarfi, tsini ya fito ya kama bakinsa.

Wanda ba shi da tanar roba bai yi rashi ba. Ruwan baraji yana da laka, ido ba ya gani nesa. Tarwaɗa da ƙanshi da gashin baki take neman abinci. Don haka tana mai rai ta fi. Sai dai tana da taushi. A zura ta a hankali har ta rufe ƙugiya duka, a bar wutsiya tana motsi.

Abu 3 na kiyayewa:

Roba ba ta narkewa a cikin kifi. Wadda ta yage, kada a jefa ta ruwa.

Tarwaɗa tana yin ƙwai da farkon damina, lokacin da ruwa ya hau ciyawa. In an kama mai ƙwai, a sake ta. Ita ce irin baɗi.

Mai sana'ar su ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan ruwa da daji.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake ɓoye tsinin ƙugiya?
2. Da me tarwaɗa take neman abinci?
3. Yaushe take yin ƙwai?