Dalilin Sanyin Ruwan Randa

Da bazara a Ɗanzomo, zuba ruwa a randa da kwalba, ka ajiye su inuwa ɗaya. Da la'asar za ka tarar na randa ya yi sanyi, na kwalba kuwa da ɗumi. Dalili, jikin randa yana da 'yan kafofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi. To, ba ya bushewa sai ya ɗebi zafin na ciki. Gilashi kuwa ba shi da kafa.

Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi tsakani, don kada tumatirin manoma ya ruɓe kafin ranar kasuwa. Ya sami kyautar Rolex a 2000.

Ku gwada wa almajiranku, gama gani ya kori ji.