Daɓen Akurki da Lafiyar Ƙafar Agwagwa

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa lungunan Birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya ya rasa cin karo da agwagi suna kiwo a bakin kwata ko kududdufi. Galibi mata da yara ne ke kiwon su, wasu don sha'awa, wasu don biyan ƙananan buƙatu. Sau da yawa akan ga toro yana ɗingishi, sai a ce ƙaya ya taka. Alhali in an bincika, akan tarar asalin ciwon yana cikin akurkin da yake kwana.

Yadda ciwon ke kamawa

Agwagwar da aka saba kiwo a ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, masana na kiranta Cairina moschata, kuma asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. A dajin can tana rayuwa ne a bakin ruwa da fadamu, inda ƙasa ke da taushi. Saboda haka tafin ƙafarta bai dace da tsayuwa bisa busasshen siminti mai kaushi, ko tsakuwa, ko ragar waya ba. Irin wannan wuri yakan goge fatar har ta ƙuje. Toro ya fi shiga haɗari, domin yakan kusa ninka macen nauyi.

Laima kuwa ita ce abokiyar ɓarnar kaushi. Kashin agwagwa ya fi na kaza ruwa, kuma in ya taru yakan fitar da iskar amoniya, mai zarnin nan da ke hawa ido. Fatar da ta daɗe cikin wannan cakwalkwali takan jiƙe ta yi rauni. Abin ya fi tsanani da damina, musamman a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Zariya. Da hunturu kuma fatar kan bushe ta tsage.

Ta wannan 'yar kafa ce ƙwayar cutar Staphylococcus aureus ke shiga. Wani likitan fiɗa, Alexander Ogston, ya gano irin wannan ƙwaya cikin mugunya a garin Aberdeen na Birtaniya a shekarar 1880. Tana zaune a fatar tsuntsu ba tare da illa ba, sai ta sami rauni. Daga nan tafin kan yi ja, ya kumbura, baƙin ɓawo ya fito a tsakiya. Mugunyar tsuntsu ba ta kwarara kamar ta mutum, daskarewa take yi kamar cuku, shi ya sa matsa kumburin ba ya fid da ita. In an yi sakaci cutar kan kai ga gaɓoɓi, agwagwa ta kasa kiwo, ta rame, ƙwai ya ragu, har ta mutu.

Daɓen da ya dace

Daɓen gargajiya na ƙasa da makuba, in ya sha bugu ya yi sumul, ya fi siminti mai kaushi. Ko wanne aka yi, a ɗaga shi sama da tsakar gida, a ɗan karkata shi don ruwa ya gangare. Sannan a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko abin da ke zuba in kafinta na goge katako, kauri kamar santimita 5 zuwa 10. A tabbata babu ƙusa ko fasasshiyar kwalba a ciki. A guji shimfiɗa mai fumfuna, domin takan jawo cutar huhu. A riƙa kwashe wurin da ya jiƙe kullum, a ajiye kaskon ruwa a waje, a kuma bar kafar shigar iska.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ya kamata mai kiwo ya duba tafin agwaginsa sau ɗaya a mako. In ja kawai ya gani, ya wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ya keɓe ta a busasshen wuri. In ya kumbura, kada ya tsaga da reza. Ya nemi likitan dabbobi, kamar a Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama, domin ƙwayar na kama mutum.

Aiki ga ɗalibai

Malami ya sa ɗalibai su ziyarci gidaje biyar masu agwagi, su rubuta irin daɓen kowane akurki da yawan masu ɗingishi, sannan a kwatanta sakamakon a aji.