Darasin Waƙa: Gargaɗi ga Masu Fita Koyarwar Gwaji

Ku rera waƙar kafin ku taɓa alli. A kan wannan ba na sassauci. Aliyu Namangi makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, mabarata kuma suka yi ta yawo da ita har ta shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe littafi ba. To don me za ku tsaya gaban aji kuna karanta ta kamar sanarwar ƙaramar hukuma? Wanda ya ce ba shi da murya, ya kwana yana gwaji a ɗakinsa. In yara sun yi dariya, su yi, sannan ku sa su amsa.

Kada ku cika allo da ma'anar jigo da salo da zubi da tsari. Na gaji da shiga aji in tarar minti 40 sun tafi a kwafar rubutu, ba a ji ko baiti ɗaya ba.

Amsa-amo, ku bari kunnensu ya kamo shi. Kari kuwa, ku sa su tafa shi, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ido kaɗai ba zai gano ma'aunin ba. Sunayen karuruwa irin su Mutaƙarab da Ramal su jira, tukuna.

Kada ku gyara wa marubuci Hausarsa. Sakkwatanci da aron Larabcin da ke waƙoƙin Nana Asma'u ba kuskure ba ne. Kalmar da ta shige muku duhu, ku tambayi malamin zaure tun da dare. Kada ku ƙirƙiro ma'ana a gaban yara, akwai ɗan Islamiyyar da zai kama ku.

Ku san zamanin waƙa. Wanda bai san takaddamar da aka yi kan makomar sarakuna kafin 1960 ba, kada ya kusanci "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur.

Kada ku ba da jigo a hadda don tsoron WAEC da NECO. Ɗalibi ya faɗi nasa, ku ce ya nuna ɗangon da ya kafa hujja da shi.

Waƙoƙin da suke ji a waya ma kada ku raina; akwai kamance a ciki, ku ɗauko.

Kafin zango ya ƙare, kowane yaro ya tsara ƙwar biyu, baiti uku, ya rera. Ku ne za ku fara kawo naku.