Shirin Bikin Yaye Ɗalibai a Jami'a

Watakila kun taɓa ganin hoton wani yayanku rataye a ɗaki, yana sanye da doguwar riga mai faɗin hannu, da hula mai kusurwa huɗu, tuntu yana reto a gefe. To, ranar da aka yaye shi daga jami'a aka ɗauki hoton nan.

Bari mu duba yadda akan shirya wannan biki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962. Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na fari.

Tun da sauran watanni ake soma shiri. Idan ɗalibai suka gama jarrabawar ƙarshe, sai malamai su duba takardu, su tattara makin kowa. Sa'an nan a kai gaban majalisar manyan malamai. Sai ta amince kana a ce mutum ya ci digiri. A nan ne hankalin ɗalibi yakan tashi, gama in ya faɗi darasi guda, tilas ya sake shi, abokansa su wuce su bar shi.

Wanda ya ci ma da sauran aiki a gabansa. Sai ya bi ofis ofis ana sa masa hannu, a tabbata ba a binsa ko kwabo, ba ya kuma riƙe da littafin laburare. Littafi guda da aka manta a ƙarƙashin gado ya isa ya tsai da mutum!

Da rana ta matso sai a share fili a Samaru, a kafa rumfuna, a jera kujeru. Ɗalibai su karɓi riguna su gwada. Ana gobe biki akan gayyato wani masani ya yi lacca. Iyaye kuwa suna ta isowa daga garuruwa masu nisa. Wata uwar ba ta taɓa shiga aji ba, amma awakinta aka sayar aka biya kuɗin makaranta.

Gari na wayewa kowa ya nemi wuri ya zauna. Can sai ga malamai sun jero cikin riguna masu launi iri iri, ana ɗauke da sandar girma ta jami'a. Jama'a su miƙe tsaye. Ba mai zama sai uban jami'a ya zauna, ya ce an buɗe taro.