Kafin ka biya kuɗin zoben amarya

Ɗan'uwa mai shirin haɗa lefe, in za ka tashi daga Bawdeta zuwa Tasawa ko Maraɗi sayen zobe, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ba kowane farin dutse ne lu'u-lu'u ba, yawancin na kasuwa gilashi ne ko zirkon. Shi ma na gaskiyar, yankansa ne ke sa shi walƙiya. In yankan bai yi kyau ba, dishi-dishi za ka gan shi komai girmansa. Fito da shi daga hasken shago, ka dube shi a rana.

Zinariyar ita ce dukiyar amarya, ita za ta ɗaga ranar buƙata. Duba hatimin cikin zoben: 750 na nufin karat 18, 875 kuwa karat 21. Ana iya buga hatimin ƙarya, saboda haka kai wa wani maƙerin ya gwada. A auna a gabanka, a cire nauyin dutsen, domin ranar sayarwa ba a lissafa shi.

Tafi da gwaggo ko yayar da ta san zinariya. Kada ka miƙa kuɗi sai an rubuta maka nauyi, karat da sharaɗin mayarwa a takarda.