Totilas: Salsala da Tarihin Gasar Wani Ingarma

1.0 Gabatarwa

Diresaj wasa ne na sarrafa doki, inda mahayi ke sa dokinsa ya yi tafiya da sassarfa da juyi bisa tsari, ba tare da an ga alamar umarni a fili ba. Alƙalai ne ke ba da maki, a lissafa shi kashi bisa ɗari. Wannan darasi zai dubi rayuwar Totilas, baƙin ingarman ƙasar Holan, domin a ga inda tsatso ke tasiri da kuma inda tasirinsa ke tsayawa.

2.0 Salsalarsa

An haifi Totilas a Holan a shekarar 2000. Ubansa shi ne Gribaldi, ɗan Kostolany, daga jinsin dawakin Trakehner, waɗanda asalinsu ke komawa ga wani gidan kiwo da aka kafa a Gabashin Furusiya a 1732. Uwarsa kuwa goɗiya ce mai suna Lominka, 'yar Glendale, wadda ke cikin rajistar dawakin Holan da ake kira KWPN. Masu kiwo a Turai na adana irin wannan salsala a rubuce, domin da ita ake kimanta dukushi tun kafin a ɗora masa sirdi. Gribaldi kansa ya yi suna a fagen diresaj, don haka a nan karin maganar nan ta tabbata, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

3.0 Zamaninsa da Edward Gal

Edward Gal, wanda ya taɓa hawan Gribaldi, shi ne ya fito da Totilas fagen duniya. A gasar Turai ta 2009 da aka yi a Windsor ta Ingila, sun sami kashi 90.75 a rukunin da ake yi da kiɗa. A watan Disamba na wannan shekara suka ɗaga makin zuwa 92.30 a Landan. A 2010 suka lashe Kofin Duniya, sannan suka ci lambobin zinare uku a gasar dawaki ta duniya a Kentaki ta Amurka.

4.0 Sayarwa da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Oktoba na 2010 aka sayar da Totilas ga Paul Schockemöhle, attajirin dawaki na Jamus, a kan miliyoyin Yuro. Aka miƙa linzaminsa ga Matthias Rath. Sun taimaka wa Jamus ta sami azurfa a gasar Turai ta 2011, amma ba su kai matsayin da dokin ya kai a baya ba. Rashin lafiyar mahayin ta hana su zuwa gasar Olamfik ta 2012, rauni kuma ya yi ta dakatar da dokin. Bugu da ƙari, masu kare haƙƙin dabbobi sun soki salon horon da ake lanƙwasa wuyan doki har haɓarsa ta kusanci ƙirji. A 2015, bayan gasar Turai a Aachen, aka gano ciwo a ƙashin ƙafarsa ta baya, aka yi masa ritaya daga gasa. Ya ci gaba da barbara har ya mutu a Disamba 2020, bayan tiyatar ciwon ciki.

Daga cikin 'ya'yansa akwai Total US, wanda Gal ya hau a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021.

5.0 Kammalawa

Tarihin Totilas ya nuna cewa tsatso kan ba doki ƙira da kuzari, amma nasara a diresaj na buƙatar shaƙuwar doki da mahayinsa, da kuma lafiyar dabbar. Kuɗi sun sayi ingarman da jininsa, shekarun sabo da Gal kuwa ba su shiga cikin cinikin ba.

6.0 Auna Fahimta

1. Zana jadawalin salsalar Totilas har zuwa kakanninsa maza.
2. Bayyana ma'anar ingarma da goɗiya da dukushi da barbara, sannan ka saka kowace kalma a cikin jimla.
3. Kawo dalilai biyu da suka rage nasarar Totilas bayan 2010.
4. Tsara tambayoyi biyar da za ka yi wa ɗaliban ƙaramar sakandare a kan wannan labari.