Hukuncin Karen Jagora a Gidan Haya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa Musulmi, tambaya ta zo mana nan Yawuri daga wani makaho mazaunin Amurka: an ba shi karen jagora, mai gidan haya ya ce ba a ajiye dabba, wasu 'yan'uwa kuma suna ƙyamarsa.

Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa mai ajiye kare ana tauye masa lada kullum, in ban da karen farauta, na kiwo da na gona. Malamanmu sun lura dalilin togewar shi ne buƙata. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 Hijira, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. To, in an halatta shi domin tsaron tumaki, ina ga tsaron ran makaho a kan titi? A mazhabar Imamu Malik kuwa, kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne.

Game da mai gidan, dokar gidaje ta Amurka, tun gyaran 1988, ta wajabta masa sassauci ga naƙasasshe. Amma haƙƙin maƙwabci yana nan: a kame karen, a kwashe ƙazantarsa, a keɓe shi daga wurin salla.

Mu nan, jagoran makaho yaro ne, sau da yawa wanda aka cire daga makaranta. Wannan ma abin tambaya ne. Wallahu a'alamu.